Gargaɗi ga mutanen Gombe kan masu sayar da "tsofaffin fostocin disko"

Assalamu alaikum jama'ar Gombe da kewaye. Akwai wasu mutane da ke talla a Facebook da WhatsApp, suna sayar da abin da suke kira tsofaffin fostocin zamanin disko, wai na asali ne da aka ɓamɓaro daga bangon gidajen silima da wuraren rawa na da. Don Allah kada wanda ya tura musu ko sisi. Takardun sababbi ne fil. An buga su da kwamfuta, an tsoma a ruwan shayi, an shanya a rana, an ɗan babbake gefe. Ba zan kama sunan shafin ba, domin suna sauya shi kamar riga, kuma ina tsoron shafa wa mai irin sunan laifin da bai ji ba bai gani ba.

Sun san inda suke taɓawa. Duk wanda ya yi samartaka daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980 ya san yadda disko ya cika gari: wando mai faɗin ƙafa, takalmi mai tudu, suma a taje ta yi tsiri, ga faifan garmaho ga kaset. A Amurka, inda kiɗan ya samo asali, kasuwarsa ta fara faɗuwa tun 1979, amma a nan ya ƙara shekaru, finafinan Indiya suka ƙara masa rai. Samarin wancan lokaci yau kakanni ne, wasu sun riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yansu ne ke son rataya wani abu a falo ko a shagon aski da zai tuna musu da zamanin Baba, kuma wannan ƙaunar ce ake ci da ita.

Na yi shekaru ina aikin ɗab'i, shi ya sa wani maƙwabcina ya kawo mini guda uku da ya saya, kowanne a kan naira dubu 45, ya ce in sa masa a firam. Kafin ma in duba takardar, rubutun da ke kai ya tona asiri.

Ta farko tana tallar gasar rawa a shekarar 1983, an rubuta "Jihar Gombe" a ƙasa. Ai babu Jihar Gombe a 1983. Sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro ta, zamanin Janar Sani Abacha, kafin nan muna cikin Jihar Bauchi ne, wadda ita ma sai 1976 ta samu. Ta biyu an sa mata 1971, kuɗin shiga naira biyu, alhali naira ta fara aiki ne a watan Janairun 1973, kafin nan fam da sule ake kashewa. Ta uku kuwa tana ɗauke da 1979, ga hoton jarumin Indiya Mithun Chakraborty cikin kayan fim ɗin Disco Dancer, fim ɗin da bai fito ba sai 1982. Wanda ya haɗa waɗannan yaro ne da ya kwaso hotuna a intanet, bai tambayi ko dattijo ɗaya ba.

Ita ma takardar ba ta ɓoye komai. Fostocin da ƙananan maɗaba'u ke bugawa a wancan zamani galibi launi ɗaya ne ko biyu, kuma sau da yawa idan ka shafa bayan takardar za ka ji inda haruffan ƙarfe suka danna ta. Waɗannan sumul suke. Akwai alamar tsatsar ƙusa a kusurwa, amma babu huda, tsatsar ma bugawa aka yi. Biyu daga cikinsu suna da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya. Na jiƙa auduga na goga a gefe, ta fito da ruwan ƙasa, tawada ta biyo ta. Ka kai hanci kusa, ƙamshin ganyen shayi za ka ji.

Asarar ba ta tsaya a nan ba. Bayan ka saya, sai wani ya kira ka, ya ce daga Legas yake, wakilin wani Bature ne mai tara kayan zamanin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Legas a 1977, zai ninka maka kuɗinka sau uku idan ka cika guda goma. Sai ka koma wa mai tallar da gudu. Shi kuma ya ce saura kaɗan, wani Alhaji na nema, ka ba da kafin alƙalami. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, zai ce na ƙaninsa ne. Ka tura, a ce an sa kaya a mota, ga lambar direba. Ka je tasha ka yini, lambar direba a kashe, ta wakilin Bature a kashe, shafin ma ya ɓace. Da mai saye da mai sayarwa bakinsu ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da suke yi wa tsofaffinmu. Akwai samari da ke bi gida-gida a tsofaffin unguwanni irin Jekadafari, Bolari da Herwagana, suna sallama da ladabi, "Hajiya, ko akwai tsofaffin hotunan biki? Za mu wanke, mu ƙara musu girma, mu dawo da su cikin firam kyauta." Ba na disko kaɗai suke nema ba, har na masu kalangu, da 'yan goge, da matan da ke kiɗan ƙwarya a gidan biki. Su suke kwafa su haɗa fostocin bogi, na asalin kuma su sayar. Na san wata dattijuwa da ta miƙa hoton mijinta marigayi, yana tsaye da rediyo a kafaɗa ranar ɗaurin auren abokinsa. Shi kaɗai gare ta. Har yau tana tambayar jikokinta ko yaran sun dawo. Kuɗi a sake nema, amma wannan hoton babu inda za a samo mata wani.

Ni ban ga laifin sabon bugu ba. Idan kana sha'awar irin wannan ado, je wurin mai ɗab'i ya buga maka, ka biya kuɗin takarda da tawada, ka san abin da ka rataya. Idan kuma tsohon hoton gidanku kuke so a gyara, ɗaya daga cikinku ya kai da kansa, ya tsaya a kwafa a gabansa, ya dawo da shi a hannu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana shaidar turawa da hotunan hirarsu, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Gombe. Kunya ce ke sa mutane yin shiru, kuma da shirun nan suke samun na gaba. Waɗanda aka karɓi hoton gidansu kuma su gaya wa mai unguwa yau, domin masu yawon karɓar a ƙafa suke zuwa, kuma akwai waɗanda suka ga fuskokinsu.