Shagon tura fim na Badariya da gardamar yaƙin sararin samaniya

Sati uku ke nan ina zuwa wani shagon tura finafinai a Badariya nan Birnin Kebbi, tunda kuma abokai sun dame ni da tambayar ina nike samo finafinan sararin samaniya da nike ta maganarsu, bari in faɗi abin da na gani da idona, daɗinsa da rashin daɗinsa.

Shagon ƙarami ne, kwamfuta biyu, benci ɗaya, sai sola da ke riƙe masa aiki in an ɗauke wuta. Yawancin masu zuwa fassarar Indiya suke nema ko na Kannywood, amma mai shagon ya ware faifai guda sukutum na finafinan kimiyya, kuma wallahi ya san kayansa. Ranar farko na ce ya tura min Star Wars, sai ya ce yallaɓai wanne daga ciki, manyan guda 9 ne fa. Ya hana ni farawa da na 1999 duk da shi ne lamba ɗaya a jerin labarin, ya ce in fara da na 1977 da George Lucas ya fara fitarwa, sannan na 1980 da na 1983, don akwai wani sirri tsakanin Luke da Darth Vader da zai lalace in na bi lamba. Da na kai wurin sai da na miƙe tsaye. Wannan shawara kaɗai ta biya kuɗina.

Amma abin da ya sa nike komawa shi ne gardamar da ake tafkawa a kan bencin nan bayan la'asar. In an haɗa duniyoyin finafinan nan yaƙi, wa zai ci wa?

Akwai wani yaro ɗan poli, shi Star Trek ne jininsa, kullum hujjarsa na'urar da ke ɗauke mutum daga jirgi ta dire shi wani wuri cikin ƙiftawar ido, ya ce ai basu buƙatar harbi ma, bam za su tura cikin ɗakin direban jirgin abokan gaba shi ke nan an gama. Mai shago bai ce masa komi ba, sai ya buɗe wani kashi ya nuna mana inda su da bakinsu suke cewa na'urar ba ta aiki in garkuwar jirgi na kunne. Yaron ya dawo ta wani gefen ya ce to Death Star ɗin da kuke taƙama da ita fa, wato ƙatuwar tashar yaƙin nan ta Star Wars, eh ta tarwatsa duniyar Alderaan da harbi ɗaya, amma ƙaramin jirgi guda ya kashe ta ta wata kafa mai faɗin mita 2, wace irin runduna ce za ta gina abu kamar wata sannan ta bar masa ƙofar baya? Nan kam munka yi shiru don ya faɗi gaskiya.

Wani babban yayanmu mai gyaran babur shi Dune ya riƙe, littafin Frank Herbert na 1965 da anka yi fim ɗinsa a 2021 da 2024. Yana son mutanen hamadar nan Fremen, ya ce rawaninsu da juriyarsu ga ƙishi Buzaye suke tuna masa, ga kalmomi irin Mahdi da kunnenmu ya saba da su. Ya ce duk sojan da ya sauka a Arrakis, duniyar hamadar da suke zaune, tsutsar rairayi za ta haɗiye shi da motarsa. Na ce masa babban yaya a gidansu kam ba mai taɓa su, amma su da sunka haramta kwamfuta, kuma tafiyarsu mai nisa duk ta dogara da sinadarin da ke fitowa a duniya ɗaya tal, in anka tare wannan duniyar daga sama ai an yanke musu ƙafa.

Ni dai ina bayan Star Wars kuma ba don takobin haske ba. Gudu ne. A Star Trek Voyager na 1995 jirginsu ya ɓace nisan da haske kansa sai ya yi shekara dubu 70 kafin ya cimmasa, sunka lissafa shekara 75 za su yi kafin su iso gida. Su kuwa jiragen Star Wars cikin kwanaki suke ratsa irin wannan nisa. Kamar mai tafiya Argungu a ƙasa ne da mai mota, kafin ka kai ɗauki an ci garin an dawo an yi sallar magariba. Ɗan poli har yau bai yarda ba, ya ce in jira in ga Borg tukuna, wasu mugayen Star Trek rabi halitta rabi na'ura, kuma na sa an tura min zan kalla tsakani da Allah.

Inda shagon ya gaza: zafi. Fanka ɗaya ce ita ma sai ta ga dama, in mutum shida sunka taru ba a iya numfashi. Sannan Dune na biyu da ya tura min ya yanke ana tsakiyar yaƙi, raina ya ɓaci sosai ranar, na koma da safe ya ba ni haƙuri ya sake tura min bai karɓi ko sisi ba. Rubutun ƙasan wasu finafinan ma yana riga magana, kuma ba shi da fassarar Hausa ta Star Trek ko ɗaya, wanda turancinsa bai nuna ba zai sha wahala don surutunsu ya fi faɗansu yawa.

Abin da ya ƙara min ganin girmansa, a gabana wani yaro ƙarami ya miƙo memori yana neman wani fim da bai dace da shekarunsa ba, ya ce masa ƙanena wannan ba naka ba ne, ya zuba masa katun ya sallame shi.

Na ba shi 4 cikin 5. In za ka je ka tafi da memori mai wuri, aƙalla giga 32, kuma ka ce ya buɗe maka ƙarshen kowane fim ka gani kafin ka cire.