Rewayan da ya gano ɓarawon da ke shanye min ƙaramin batirin motata hybrid, bayan na sayi batir biyu a banza

Tun bayan ƙaramar sallah nake ta cewa zan yi rubutu kan wani rewaya da ke can wajen Ƙofar Ruwa a nan Kano, yau dai Allah ya yi. Ba talla nake masa ba, shi bai ma san ina rubutawa ba, kuma akwai halayensa da suka ba ni haushi zan faɗe su a ƙasa, amma aikin da ya yi min ya kai a faɗa saboda na san akwai masu hybrid, wato mota mai aiki da mai da kuma lantarki, da yawa a garin nan da ke shan irin wahalar da na sha.

Motata Prius ce ƙirar 2012, Beljiyom, na saye ta bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lokacin da na ga tsohuwar motata na neman cinye min jari tsakanin Rijiyar Zaki da Kwari. Shekara ta farko lafiya lau, mai kamar ba ta sha. Sai kawai aka fara, in dai ta kwana uku a ajiye ba a tayar ba to shikenan ta mutu murus, ka danna rimot ko ƙyaftawa ba ta yi, sai ka zaro ɗan ƙaramin makullin nan na ƙarfe da ke cikin rimot ɗin ka buɗe ƙofa da hannu, ka taka birki ka danna Power, shiru, wani lokacin fitilun dashbod su ɗan yi ƙyal-ƙyal su ɗauke. Ranar farko maƙwabcina ya taro yaran layi wai a tura, ai kuwa ko motsi, don ita giyarta ma da lantarki take fita daga P, ba batir ba nutural, ga shi kuma otomatik ce ko an tura ba tashi za ta yi ba. Abin haushi batirin a but yake, gefen dama, but ɗin kuma shi ma da lantarki yake buɗewa, haka na kwantar da kujerun baya na rarrafa ciki da shaddata sabuwa dal ranar Juma'a ina laluben inda ake buɗe shi ta ciki, uwargida na tsaye bakin get tana cewa dama ai sai da na faɗa maka motar nan ta 'yan gayu ce.

Makanike na farko ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce altaneta ce ta daina caji. Ni kuma a lokacin ban san komai ba na ce to a duba, ya yi ta leƙe-leƙe ya fi minti ashirin yana neman abin da babu shi a motar. Na biyu ya ce babban batir ne ya tafi, ya kira min kuɗin da sai da na zauna a kan benci. Na uku mai sayar da batir ne, kun san amsarsa, ya ɗaura min batirin ruwa irin na kowace mota, kawunansa ma sun fi na asalin kauri sai da ya bubbuɗa bakin wayar da sukundireba ya daka da guduma. Wata huɗu ya yi. Na koma ya ce ai zafin Kano ne, na sake sayen wani, shi ko wata uku bai cika ba aka koma gidan jiya.

Wani abokin kasuwancina mai Camry hybrid shi ya yi min kwatancen wannan bawan Allah. Na je ranar Asabar da safe, rumfar kwano ce kawai da tebur ɗaya da wayoyi a rataye kamar taliya, yara biyu masu koyon aiki. Dattijo ne haka, ba ya son yawan magana. Abin da ya fara burge ni bai taɓa motar ba sai da ya gama yi min tambayoyi.

"Alhaji kwana nawa take yi a ajiye kafin ta mutu?"

Na ce uku, wani lokacin huɗu.

"In kana hawa kullum fa?"

Na ce ba ta taɓa yi min ba.

"To me aka ƙara mata bayan ka saya?"

Na ce babu komai Malam. Ya kalli allon Android ɗin da ke gaba ya kalle ni, ya ce wannan daga Japan ta zo da shi? Sai a nan na tuna, da allon da tiraka, na'urar nan mai nuna inda mota take, duk rana ɗaya na sa aka ɗaura min su, kusan wata biyu kafin a fara wannan rigimar, amma wallahi ban taɓa haɗa su da matsalar ba.

Kafin ya fara awo sai da ya yi min bayani a tsaye, kuma a ganina wannan bayanin kaɗai ya isa kuɗin da na biya. Ya ce motar nan batir biyu gare ta, babban da ke bayan kujerar baya bolt 200 da ɗoriya ne, shi ke tayar da inji shi ke jan mota, ƙaramin na but kuma bolt 12 ne, ba ya juya inji don motar ba ta da kik irin wanda muka saba, aikinsa kawai ya tashi kwamfutocin motar su kuma su jona babban batir. In ƙaramin ya mutu ko babban a cike yake maƙil ba abin da zai motsa, kamar tanki ne cike da ruwa an rasa mai murɗa famfo. Shi ya sa ake yin sa ƙarami, wajen amp 45 kawai, kuma shi ya sa ba ya jure a riƙa tsotsarsa. Altaneta kuma babu, akwai wata na'ura a cikin inbata da ke rage wutar babban batir ta mayar da ita bolt 14 ta ba ƙaramin, amma fa sai in READY, alamar cewa mota ta tashi, ta fito a dashbod. In ba READY to ba caji, ko da rediyo na ihu fanka na hurawa.

Nan jikina ya yi sanyi don na san halina. Kullum in na je ɗaukar yara Islamiyya sai in kashe motar in bar ta a ACC, inda rediyo ke aiki amma mota ba ta tashi ba, ina jin labaran yamma ina cajin waya biyu, wai ni mai tattalin mai. Ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta farko, ya ce Alhaji da ka bar ta a READY ai da ya fi maka, injin da kansa zai riƙa tashi yana mutuwa, ɗan man da zai sha bai kai kuɗin batir ba.

Sai awo. Ya ɗora mita a kan batir mota a kashe, 12.1, ya ce lafiyayye da ya huta ya kamata ya ba da wajen 12.6. Ya ce in sa ta READY, mita ta haura 14 da ɗan wani abu, ya ce to ka ga caji lafiyarsa ƙalau, mai cewa altaneta ka yafe masa. Daga nan ya kashe, ya cire wayar nagatib ya saka mitar a tsakani, ya danne sakatar but da sukundireba don motar ta ɗauka a rufe take, ya karɓi rimot ɗina ya ba yaronsa ya ce ya kai can wajen mai shayi ya ajiye, wai in makulli na kusa motar ba ta barci sosai tana ta nemansa. Ya ce mu jira. Mun fi minti arba'in muna zaune ba abin da ake yi, ni har na fara tunanin ko ɓata min lokaci yake, shi kuma yana can yana naɗa wayar wata fanka ta radiyeta ko kallona ba ya yi. Ashe jira yake kwamfutocin su gama kwanciya, in ka auna da wuri duk mota za ta nuna maka tana jan wuta da yawa.

Da ya dawo mita na kan 0.31. Ya ce mota mai lafiya in ta yi barci bai kamata ta wuce 0.05 ba. Ya ɗauko biro ya yi min lissafi a bayan kwalin fulog, 0.3 sau awa 24, ya haura amp 7 kenan a kowace rana, kwana huɗu kusan 30 sun tafi daga cikin 45, shi ma in batirin sabo ne cikakke, balle wanda aka riga aka kashe sau goma. Ya ce kuma batirin mota duk mutuwar da ya yi har ƙasa sai ya rage ƙarfi, ba ya dawowa yadda yake, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 yana ƙara dafa shi a cikin but. Wato mai batir bai yi ƙarya gaba ɗaya ba da ya ce zafi, rabin gaskiya ya faɗa min ya karɓi kuɗin cikakkiya.

Ya fara zare fis ɗaya bayan ɗaya yaro na kallon mita yana faɗa, ba canji, ba canji, har aka zo kan wani sai ta faɗo zuwa 0.12. Ya kwance allon, ashe wanda ya ɗaura shi ya murɗe jar waya da ruwan ɗorawa wuri ɗaya ya jona su a wutar da ba ta ɗaukewa, allon ya yi baƙi in ka kashe mota amma cikinsa a kunne yake dare da rana. Sauran kuma tirakar ce, ya zaro ta daga ƙarƙashin sitiyari an naɗe ta da baƙin salatif, ɗan batirin cikinta ya kumbura kamar fanke, sim ɗin da ke ciki kuma tun yaushe ya daina aiki ban sani ba, ita dai tana nan tana neman sabis tana shan wuta. Ya gyara wayar allon ya raba su yadda ya kamata, tiraka ya miƙo min a hannu ya ce in kana so a sa wata mai kyau a sa, amma wannan ba ta tsare maka komai. Aka sake jira, mita ta tsaya a 0.03.

Batun batirin kansa, a nan na ƙara yarda da shi don ba ya sayarwa. Ya ce in bar shi ya kwana a caji, washegari ya gwada shi da lodi ya ce zai ɗan kai ka amma ni ba zan bar shi a motata ba, dalili na farko ya riga ya ji jiki, dalili na biyu na ruwa ne kuma ba a jona masa bututun fitar da iska ba, but ɗin Prius kuma da cikin mota duk ɗaki ɗaya ne, iskar da yake fitarwa in yana caji ku da yara kuke zaune da ita. Ya rubuta min lamba a takarda, S46B24R, irin busasshen nan da ake kira AGM mai ƙananan kawuna da ramin bututu a gefe, ya haɗa ni da yaronsa muka shiga kasuwa, shago na huɗu muka samu kuma ya fi na ruwan tsada sosai ba zan ɓoye ba. Yaron ma sai da ya sa mita a kai ya duba ranar da aka yi shi kafin in biya, ya ce Oga ya hana su karɓar batirin da ya daɗe a kanta.

Ya kuma nuna min abin da da na san shi da ban ɓata shadda ba, a cikin akwatin fis na gaba ƙarƙashin bonet akwai wani jan murfi, ka ɗaga shi ka maƙala jar waya a nan, baƙar kuma a jikin ƙarfen mota, ko ɗan ƙaramin jamfa irin mai kama da fawa bank ya isa tunda ba inji zai juya ba. Amma ya ja min kunne sosai kar in kuskura a juya wayoyin, kuskuren daƙiƙa ɗaya na iya ƙona babban fis ko abin da ya fi shi tsada, kar kuma in riƙa taimakon mutane a hanya ina tayar musu da mota da tawa, kuma duk wayar da na gani ruwan lemo kar in bari kowane yaro ya sa mata hannu.

To yanzu abin da ban ji daɗinsa ba. Mutumin nan ba ya ɗaga waya, na kira ya fi sau shida kafin in je, da na yi ƙorafi ya ce hannunsa da aiki. Ya ce min ƙarfe tara zai fito ranar Lahadi, sha ɗaya saura ya iso ba ko sannu da jira. Wajen ba inuwa sai ta rumfar, ba wurin fakin, dole ka bar motarka rabi a kan kwata masu adaidaita sahu na gogar madubinka suna wucewa. Ba rasit, ba komai a rubuce sai bayan kwalin fulog ɗin nan. Yana da gatse kuma, in ka fara yi masa bayanin abin da ka gani a YouTube sai ya miƙo maka sukundireba ya ce bisimilla. Kuɗin aiki dubu goma sha biyar ya ce, na nemi ragi ya ce Alhaji batir nawa ka saya kafin ka zo nan, na yi shiru na tura masa. Ya ƙi taɓa babban batir, ya ce ba fanninsa ba ne, amma ya nuna min ragar da ke gefen kujerar baya inda fankarsa ke shaƙar iska ta cika da ƙurar hunturu da zaren darduma, ya ce in kai wa masu yin wannan su wanke kafin zafi ya dawo.

Wata biyar kenan yanzu. Na yi tafiya Legas sarin kaya na yi kwana tara, na bar ta a ajiye ba wanda ya taɓa, makullin ma na ɗauke shi daga ƙusar jikin tagar falo da ke daf da inda nake fakin na mayar ɗaki, na dawo na taka birki na danna sai ga READY nan take. Ya ce dai in za ta wuce sati biyu a samu wani ya sa ta READY na kamar rabin awa a fili ba cikin rufaffen gareji ba saboda hayaƙi, ko a cire nagatib gaba ɗaya. In tauraro ake bayarwa huɗu zan ba shi, ɗayan na riƙe saboda awa biyun da na yi a rana ranar Lahadi. Tirakar tana nan a cikin durowar shago, wanda ya ɗaura min ita na je har sau biyu an ce ya tashi daga wurin.