Gargaɗi ga masu tarakta a Kebbi: a yi hattara da masu cewa famfon sitiyari ya mutu

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma da masu ba da hayar tarakta, musamman na fadamun Argungu, Suru, Bunza, Jega da Yauri. Ku yi hattara da wasu masu kiran kansu makanikai da ke bin masu tsofaffin taraktoci irin su Massey Ferguson 290 da 375, Fiat da Steyr. Sun fi samun kasuwa idan aikin haro da huɗa ya kankama, domin sun san mai tarakta ba ya iya jure ganin ta kwana biyu a ajiye.

Da zarar direba ya ce sitiyari ya yi nauyi, sai mutumin ya ɗan juya shi, ya kasa kunne, ya ce famfo, wato abin da ke tura mai don sitiyari ya yi laushi, ya mutu. Ba gejin auna matsin mai, ba jak, ko murfin tankin mai bai buɗe ba. Nan take zai ce akwai wani ɗan'uwansa mai sabo a kwali, a ba da kafin alƙalami, tsohon kuma zai tafi da shi a matsayin musaya. Abin da zai kawo tsohon famfo ne da aka kwance daga wata taraktar, aka wanke da fetur, aka fesa masa fenti. Wani lokacin ma naka ne ya dawo maka da shi. A wajen ɗaurawa sai ya canza filta ya cika mai a ɓoye, wanda tun farko shi ne kaɗai gyaran da ake bukata, ka ga sitiyari ya saki, ka biya kuɗin famfo har da godiya.

Idan famfon da ya kawo ya cinye da gaske, dabara biyu suke yi, kuma duka biyun ɓarna ce. Ta farko, ya zuba mai kauri, kamar man giya mai lamba 90 ko 140, don kaurin ya toshe giɓin da ke cikin famfon. Da safe zai yi aiki, amma da rana ta take man ya yi zafi ya tsinke, nauyin ya dawo, shi kuwa ya yi nisa. Ta biyu ta fi muni: ya cusa washa a bayan sifirin ɗin bawul mai sakin matsi, don matsin ya wuce ƙa'ida. Sitiyari zai yi laushi na ɗan lokaci, daga nan tiyo ya fashe ko sil (robar da ke hana yoyo) na silindar da ke tura tayoyin gaba ya tsage. A taraktar da babu sandar ƙarfe tsakanin sitiyari da taya, mai ne kaɗai ke juya ta, fashewar tiyo a kan titi da tirela cike da shinkafa maganar rai ce.

Kafin kowa ya taɓa famfo, a fara da mai. A wasu taraktocin tankin yana manne da famfon, da filta a cikinsa. A wasu kuma sitiyari daga man giya yake sha. A duba ko ya kai alama, a kuma dubi kamanninsa. Kumfa na nufin iska na shiga ta tiyon da ke zuƙo mai, galibi kilif ya saki ko tiyon ya tsattsage, kuma za a ji famfon yana kuka. Fari kamar madara na nufin ruwa ya shiga, abin da ya zama ruwan dare ga taraktar fadama. Filtar da ta toshe da ƙura ita ma tana hana famfo samun isasshen mai. Idan famfon na bel ne, a duba ko bel ɗin ya saki.

Sai a ɗaga gaba da jak, a tokare da katako mai ƙarfi, a kwance ƙarafan sitiyari da silinda daga tayar, a kama taya a juya ta dama da hagu. In ta yi tauri, fil ɗin da tayar ke juyawa a kansa ya bushe, laka ta kori giris. Wannan aikin giris ne da bushin, ba ruwan famfo. Tayar gaba mara iska ma tana sa nauyi.

Yanayin nauyin kansa yana faɗin inda ciwon yake. Nauyi a gefe ɗaya kawai ba na famfo ba ne, domin famfo bai san dama da hagu ba. A nemi silinda, ko bawul ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ko ƙarafan gaba. In taya ta kai ƙarshe amma sitiyari yana ci gaba da juyawa da sauƙi, mai na zurarewa ta ciki. Gwajin silinda kuwa: a juya sitiyari har ƙarshe, a kashe inji, a kwance tiyon gefen da ba matsi a toshe bakinsa, a tayar da inji a ci gaba da dannawa wajen. In mai na ta zubowa daga bakin silindar, sil ɗin fistin ne ya mutu, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na famfo ba. Alamar famfon da ya gaji ita ce yana aiki da sanyi, ya raunana idan mai ya yi zafi, ya ɗan farfaɗo idan an taka totur.

Ko da an ga wannan alamar, geji ne ke yanke hukunci. A ɗaura geji mai ɗaukar bar 250 (bar ma'aunin matsi ne) tsakanin famfo da bawul ɗin sitiyari, a bari mai ya yi zafi, a juya har ƙarshe na daƙiƙa biyar kawai, a gwada abin da ya nuna da abin da littafin taraktar ya faɗa. In ya yi ƙasa, a fara wanke bawul mai sakin matsi, domin ɗan datti ko sifirin da ya saki kan bar shi a buɗe. Kada a nemi yoyo da hannu, a sa kwali. Mai da ke fita da matsi yana huda fata.

In har famfon za a saya, a je shagon da ke da mazauni, a karɓi rasit mai lambar kayan. Kada a tura kuɗi ga mai hoto a Facebook ko WhatsApp. A dubi kan notuna ko sifana ta taɓa cin su, ko fenti ya hau kansu, ko haƙoran shaft, wato sandar da ke juya famfon, sun yi sheƙi, sannan a haska tocila ta bakin mai a ga ko akwai karce. A tabbatar da gefen da yake juyawa, don akwai na dama akwai na hagu. Tsohon famfonka kuma ka buga masa alama da ƙusa kafin a kwance, ka tsaya a kan aikin, sannan a gwada taraktar da haro a ƙasa na awa guda kafin ka cika kuɗi.