Splide: silaidar hotunan da makaho ma zai iya bi

Jama'a masu haɗa shafukan intanet, musamman mu da kwastoma ke matsa wa lallai sai an sa masa hotuna masu juyawa a saman shafi, yau zan yi magana ne kan Splide, wani kod da ake ɗora wa shafi don yin irin wannan silaidar hotunan, don na jima ina amfani da shi a shafin wani shagon atamfa da shadda da na gina, kuma gaskiya ya cancanci a faɗi alherinsa.

Silaidar da ke shafin tun farko mai kyau ce a ido, amma abokina mai larurar gani da ke amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo, a wayarsa ta Android ya ce min shi dai in ya zo wurin nan juyawa yake yi ya fita, don wayar tana cikin karanta masa bayanin hoto ɗaya sai hoton ya gudu wani ya shigo, ga maɓallan gaba da baya ba su da suna ko kaɗan, maɓalli kawai take ce masa, maɓallin me? oho. Kuma mutum ne mai saya wa iyalinsa kaya da kuɗinsa, ba roƙo ya zo yi ba. Abin ya tsaya min a rai sosai.

To shi Splide kyauta ne, lasisin MIT gare shi wanda ya ba kowa damar amfani da shi, ba ya buƙatar jQuery, wani ƙarin kod da wasu silaidoji ke dogara da shi, kuma nauyinsa bai wuce kilobait 30 ba, wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kwastomominmu da ke lallaɓa data. Siga ta 4 da ta fito a 2022 ita ce aka fi mai da hankali a cikinta kan masu buƙata ta musamman. Ina ɗora shi na buɗe NVDA a kwamfuta, manhajar nan ta karanta allo da ake saukewa kyauta, na ture linzamin kwamfutar gefe na koma kibod zalla. Da Tab na isa kan kibiyoyin, kowacce da sunanta, ɗigo-ɗigon nan na ƙasa kuma ana bin su da maɓallan hagu da dama, in ka matsa gaba sai NVDA ta sanar da kai abin da ya shigo, har ta ce maka hoto na nawa ne cikin nawa. Wallahi daɗi na ji.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar tsayawa. A ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, akwai sharaɗi mai lamba 2.2.2 da ya ce duk abin da ke motsi da kansa fiye da daƙiƙa 5 a gefen wani rubutu dole a ba mutum hanyar tsayar da shi, kuma yawancinmu ba ma ko waiwayar wannan. Splide yana tsayawa da kansa da zarar ka kai kansa da kibod ko ka ɗora linzami, sannan in mutum ya saita na'urarsa a kan rage motsi, irin masu jin jiri in abu na zamewa a allo, to ba zai ma fara juyawa ba. Sai dai a kula, maɓallin kunnawa da tsayarwa ba ya fitowa haka kawai, kai za ka rubuta shi a cikin HTML ɗinka, layi kaɗan ne kuma akwai misali a shafinsu, amma in ka kunna juyawa da kai ka manta da shi to ka koma gidan jiya.

Ana iya canza sunayen maɓallan zuwa kowane harshe, ni ma da zumuɗi na mayar da su Hausa, hoto na gaba, hoto na baya. Da abokin nawa ya gwada sai ya ce muryar da ke wayarsa ta Turanci ce, tana murɗe kalmomin har sai ya saurara sau biyu kafin ya gane, shi ya fi son a bar maɓallan da Turanci tunda kunnensa ya riga ya saba. Na bi nasa, ai shi ke sanye da takalmin.

Wani abu da Splide ba zai taɓa yi maka ba shi ne bayanin hoto. In ka bar wurin alt, inda ake rubuta bayanin hoto a cikin kod, fanko to duk wahalar banza ce, mutum zai ji hoto na 2 cikin 5 amma bai san me ke ciki ba. Sai da na zauna da mai shagon muka rubuta wa kowane hoto nasa, atamfa ruwan goro mai zanen ganye, yadi 6, shadda fara mai sheƙi, haka dai. Farashi ma na cire shi daga jikin hoton na mai da shi rubutu na gaske a ƙasa, don manhajar karanta allo ba za a dogara da ita ta karanto abin da aka zana a cikin hoto ba. Nan ne aikin ya fi cin lokaci, ba wurin kod ba.

Da Alhaji mai shago kuwa sai da muka ɗan ja, shi yana son hotuna 12 suna gudu kamar allon talla, ni na ce ranka ya daɗe mutane ba sa jira su ga na ƙarshe, a rage. Mun tsaya a 5, juyawa da kai a kashe, wanda ke so ya matsa da hannunsa, sauran kayan kuma na jera su a ƙasa yadda kowa zai gani ba sai ya latsa komai ba.

Bayanan amfani da shi da Turanci na karanta su, kuma sai kana da ɗan sanin JavaScript da CSS kafin ka gyara kamanninsa yadda kake so, kalar kibiyoyin ma sai da na ƙara mata duhu don ta fito sosai a kan farar shadda. In za ka gwada, kunna TalkBack a wayarka ka bi shafin da kanka kafin ka miƙa wa kwastoma, in kuma kana da wanda ke amfani da ita kullum to shi za ka ba wa ya duba maka.