Turin fina-finan kaboyi a Gusau: abin dubawa kafin ka biya

Yawancin masu turi a Gusau sun cika kwamfutocinsu da fina-finan Indiya da na Hausa, amma akwai wani shago a Tudun Wada da ya ware folda guda ta tsofaffin fina-finan kaboyi, kuma wanda ya zaɓo su ya san abin da yake yi. Akwai High Noon na 1952, inda Gary Cooper ke bi gida-gida neman masu taya shi tare 'yan bindiga huɗu kafin jirgin ƙasa ya iso da sha biyun rana, kowa na zamewa. Mutumin Zamfara ba ya buƙatar a fassara masa wannan tsoron. Akwai Rio Bravo na 1959 da The Magnificent Seven na 1960.

Matsalar tana wajen turin. Don su shiga memori da yawa, ana matse fim ɗin sama da awa biyu ya koma megabait 300. A waya ba laifi, amma a talabijin mahayan da ke tahowa daga nesa sai su zama ɗige-ɗige, duhun dare kuma ya dagule. Ka ce a ba ka 720p, wato hoto mai fitowa tar, wajen gigabait ɗaya kowane fim. The Magnificent Seven an ɗauke shi ne da hoto mai faɗi. Idan babu baƙin layi sama da ƙasa, an datse gefunansa, mutum bakwai za su jeru ka ga biyar. High Noon kuwa baƙi da fari ne, ba shi da faɗi tun asali, kada a miƙe maka shi.

Idan hoto ya fito ba murya, galibi nau'in sautin da ake kira AC3 ne da manhajar wayar ba ta karantawa, amma manhajar kallo ta VLC na buɗe shi. Tsohuwar talabijin takan ƙi fayil ɗin da aka matse da sabon tsarin x265, sai ka nemi MP4 na tsohon tsarin H.264. Ka kuma zo da memorinka, domin na jabu kan nuna 32GB alhali cikinsa bai kai ba, fina-finan ƙarshe su ƙi buɗewa.

Yaran shagon suna da haƙuri, suna bari a gwada. Ka ja kowane fim zuwa mintunan ƙarshe ka ga harbe-harben sun fito da sauti, sannan ka miƙa kuɗi.