Jos ko Mambila: ina ya fi dacewa da hutun kwana huɗu da iyali?

Ɗan'uwanmu daga Kano ya yi tambaya. Zai samu hutun kwana huɗu a ƙarshen Disamba, yana so ya kai maiɗakinsa da yara su ga duwatsu su sha iska, amma ya rasa wanda zai zaɓa tsakanin Jos da Mambila. Sharaɗinsa ɗaya: a kama masauki wuri guda, kullum a fita da safe a dawo kafin magariba.

Malam, da wannan sharaɗin naka, Jos za ka. Ba wai don ta fi Mambila kyau ba. In kyan ƙasa kaɗai ake magana, ni a wurina Mambila ce gaba, kuma da rata. Sai dai wuraren biyu ba tafiya iri ɗaya ake yi musu ba. Jos gari ne da za ka ajiye jakarka ka riƙa zagaya abin da ke kewaye da shi. Mambila kuwa hanyar ita ce rabin yawon, kuma ita za ta cinye maka hutun.

Mu fara da hanyar, tunda a nan lissafin yake rabuwa. Daga Kano in ka bi ta Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, ka faɗa Saminaka, ka hau ta Jingir, wanda ya yi sammako zai yi azahar a Jos ko kusa da ita. Ranar da ka iso ma ba ta tafi a banza ba, da la'asar za ka iya fita da yara. Mambila fa? Tana ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, can kan iyakar Kamaru. Wuni guda za ka yi kafin ka kai Jalingo ta Gombe da Numan. Washegari ka sake ɗaukar hanya: Bali, Serti, sannan Mayo Selbe a gindin tsaunin, daga nan a fara hawa zuwa Maisamari, Nguroje, har Gembu. Wannan ma kusan wani wunin ne. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, ka ga kwana huɗun sun ƙare ba ka ga komai ba sai ta tagar mota.

Hawan Mayo Selbe kuma ba irin hawan Kibo na hanyar Jos zuwa Akwanga ba ne. Kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, manyan motoci ɗauke da katako suna gangarowa a giya ta ɗaya, kana jin ƙaurin birkinsu tun kafin ka gan su. Direban da ya saba da miƙaƙƙen titin Kano zuwa Zariya, in ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Da giya ake sauka. Wanda bai taɓa yi ba gara ya bar motarsa a Jalingo ya shiga ta 'yan hanya.

To me ake gani in an je?

A Jos, ranar farko ba sai ka bar cikin gari ba. Gidan tarihi na Jos, wanda Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya kafa a 1952, a nan ake ajiye kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, shekarunsu sun haura dubu biyu. Kusa da shi akwai gidan namun daji, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, har da na siririn layin dogon nan da ya taɓa haɗa Zariya da Jos kafin a rufe shi a 1957. Amma abin da nake so Bakano ya tsaya a kai shi ne filin gine-ginen gargajiya da ke cikin harabar. An gina kwaikwayon ganuwar Kano, an kuma gina kwaikwayon tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19. Ka shiga ka ɗaga kai ka ga yadda aka yi rufin ɗaurin guga da azara da ƙasa, bakuna suna haɗuwa a sama ba ƙarfe ba siminti. Na Zariyan an daɗe da lulluɓe shi da sabon gini, wani sashensa kuma ya rufta a 2023, don haka yaro ɗan Kano zai iya zuwa Jos ya ga aikin kakanninsa fiye da yadda zai gani a gida. Na Jos ɗin ma ginin ƙasa ne, damina na cin sa, kada ka sa ran ganin sa fes.

Rana ta biyu ta duwatsu ce. Tsaunukan Shere suna gabas da gari, tafiyar 'yan mintuna, ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829 sama da teku, shi kuwa garin yana kan kusan mita 1,200. Ba dole ba ne ku kai ƙarshe. Ko rabin hanya kuka hau, za ku hango Jos a shimfiɗe. Ku nemi ɗan unguwa ya yi muku jagora, ku sa takalmi mai kama ƙasa, silifas ba ya wannan aikin. In yaran ƙanana ne sosai, gandun namun daji da aka buɗe a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk ya fi sauƙi, akwai inuwa da wurin shimfiɗa tabarma.

Rana ta uku sai ku bi hanyar Akwanga. Da farko duwatsun Riyom, manyan duwatsu da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu ya tafi ya bar su, daga bakin titi ma ana ganinsu. Ku ci gaba ku gangara hawan Kibo zuwa magangarar ruwa ta Assop, kimanin kilomita 60 da 'yan kai daga Jos. A Disamba ruwan ya ja baya, ba shi da ƙarfin da yake yi a Agusta, kuma ga mai yara hakan alheri ne, domin duwatsun wurin suna da santsi. Kafin la'asar sakaliya kun dawo masauki.

Akwai wasu da za a ambata maka, irin su dutsen Wase da magangarar Kurra. Wase ya haura kilomita 200 daga Jos. Dutsen abin kallo ne, a tsaye yake cak a tsakiyar fili, kwasakwasai na yin sheƙa a kansa, amma zuwa da dawowa a wuni ɗaya da yara a mota wahala ce kawai. Ka bar shi sai wani zuwan.

Gargaɗi ɗaya a kan Jos da ba a cika faɗa wa baƙi ba: tafkunan nan masu kyau da za ka gani a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, yawancinsu ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka haƙa suka bari, ruwa ya cika su. Ba su da gaɓa mai gangara a hankali, daga baki sai zurfi. A ɗauki hoto, amma kada yaro ya sa ƙafa.

Mambila ba ta da gidan tarihi ko gidan namun daji da za ka yanki tikiti ka shiga. Ƙasar ce kanta abin kallon. Da ka ƙare hawa sai daji ya yanke, ka ga tuddai masu ciyawa suna bin juna har iyakar gani, shanu jajaye da farare a warwatse, layukan itacen zaiti a kewaye da gidaje. Ita ce tudu mafi tsawo a Najeriya, yawancinta sama da mita 1,500, kuma tsawon ne ya sa ƙudan tsando bai dame ta ba, shi ya sa Fulani suka zauna da garkunansu. Fulatanci ne harshen kasuwa a can, ko da yake Hausa za ta fitar da kai. Sunan ƙaramar hukumar ma tarihi ne: yankin yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila ta riƙe, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Najeriya, aka sa wa lardin sunan sarautar Sir Ahmadu Bello.

Wanda ya sauka a Gembu ko Nguroje yana da fita biyu masu kyau. Ɗaya gonar shayi ta Kakara, inda ake yin ganyen Highland. Da sassafe za ka tarar da masu tsinka da kwanduna a baya, suna cire ɗanyen toho na sama kaɗai, hazo bai gama tashi daga kan layukan ba. Yaran da suka ɗauka ganyen shayi a kanti yake tsirowa za su sha mamaki. Ta biyun kurmin Ngel Nyaki ne kusa da ƙauyen Yelwa, ragowar dajin kan tsauni wanda irinsa ya yi ƙaranci a ƙasar nan, har akwai birai cimfanzi a ciki, ko da yake ganinsu sai an yi sa'a. Da ƙafa ake ƙarasawa. Shi kuwa Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda hedikwatarsa ke Serti. Wannan ba fitar wuni ba ce ko kusa, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki da ma'aikatan gandu da masu dako. Duk wanda ya ce maka za ku leƙa ku dawo da yamma, bai je ba.

Kuma tsakanin waɗannan wurare, da ka sauka daga babban titi sai hanyar ƙasa, wani wurin babur kaɗai ke shiga. Ka yi tunanin maiɗakinka da goyo a bayan ɗan acaba a kan gangara.

Lokacin da ka zaɓa ma bai goyi bayan Mambila ba. Hotunan nan kore shar da ake yaɗawa, na damina ne ko na ƙarshenta. A ƙarshen Disamba ciyawa ta bushe, wani wurin an ƙone ta, ƙurar hunturu kuma ta rufe nesa. Jos ma hazon zai rage maka hangen daga kan Shere, amma sauran abubuwan da na lissafa ba ruwansu da hazo. Sanyi kuwa duka biyun akwai shi, na dare da na asuba, mai sa a nemi ruwan zafi kafin alwala. Ku tafi da rigunan sanyi da safa da hulunan yara, kada ka dogara da bargon masauki.

Wajen masauki da asibiti da man mota da sabis ɗin waya, Jos babban birni ne, duk abin da ka manta za ka saya. A Mambila masaukai kaɗan ne kuma na talaka, mai ya fi tsada saboda da ƙyar ake hawa da shi, kuma in yaro ya yi zazzaɓi cikin dare a Nguroje za ka san ka yi nisa da gida. Ta fannin ciki, can za ka samu nono da man shanu da zuma da ayaba da fiya. A Jos ka nemi gwaten acca, ranar komawa kuma ka biya kasuwar Farin Gada ka cika bayan mota da dankalin Turawa da kabeji da karas.

Maganar tsaro ba za a tsallake ta ba. Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu sun sha fama da rikici a shekarun nan, Mambila ma ta ga nata a 2017. Kafin kowace fita ka tambayi mutanen masaukinka yadda hanyar take a ranar, ka tsaya a babban titi, kada dare ya same ka a waje, Falgore kuma a ratsa shi da rana tsaka. In ba ka san gari ba, ɗaukar shatar mota da direba ɗan Jos na wuni guda ya fi maka kwanciyar hankali, ya san unguwar da ake bi da wadda ake kaucewa.

Mambila kuwa ka ajiye ta sai ka samu mako guda cur, wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa ciyawa ba ta bushe ba. Ka je da abokai biyu ko uku, ku kwana a Serti kafin hawa, ku hau da safe. In ka ga hanyar da idonka, kai za ka yanke ko yaran sun isa a kai su.