Ginshiƙan Rum a Gesse: yadda na ga aikin mai zanen gidana bayan damina biyu

Lokacin da na tara abin da zan fara gini da shi a filina da ke Gesse, a nan Birnin Kebbi, babban burina shi ne in ga dogayen ginshiƙai farare a gaban gidan, masu kai mai ganye-ganye, irin waɗanda suka cika sababbin unguwannin Abuja, waɗanda birkilolinmu ke kira Roman fila. Hotunan gidaje uku na ajiye a waya, da su kuma na je ofishin wani ƙaramin kamfanin zanen gine-gine da wani abokin aikina ya yi mini kwatancensa. Mun yi yarjejeniya cewa su za su zana gidan, su bi takardun izinin gini, sannan su riƙa duba aikin tun daga harsashi har zuwa fenti. Yau shekara biyu da 'yan watanni ke nan da muka tare, bazara biyu da damina biyu sun wuce a kan ginin, saboda haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na samu, mai daɗi da marar daɗi, domin amfanin wanda ke da irin niyyata.

Abin da ya fara sa na ji na zo wurin da ya dace shi ne yadda mai zanen ya karɓi hotunan nan. Bai kushe su ba, bai kuma yi saurin cewa za a yi ba. Ya ƙara girman ɗaya daga cikinsu, ya nuna mini ginshiƙi da ɗan yatsa, ya ce, "Alhaji, me wannan yake ɗauke da shi?" Na duba da kyau, sai na ga babu komai a kansa in ban da wani siririn rufi da ko icce biyu za su iya riƙewa. Ya bayyana mini cewa yawancin irin waɗannan ƙwarya ce kawai ta siminti da aka zuba a mazubi, aka lulluɓe siririn rodi da ita, kuma tsawonsu bai yi daidai da kaurinsu ba, shi ya sa wasu ke kama da kara, wasu kuma kamar turmi. Ya ce salon da na kwaɗaita, wanda masana ke kira kilasik, wato tsarin ginin Girka da Rum na dauri, asalinsa ilimin awo ne, ado daga baya ya biyo.

A zama na biyu ya kawo littattafansa, muka shafe kusan awa biyu bai nuna gajiya ba, kuma wannan yana cikin abin da nake ganin kuɗina ya biya. A nan na san cewa wani Barume mai suna Vitruvius, wanda ya rayu a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya bar littafi mai kashi 10 a kan gini, inda ya shimfiɗa sharuɗɗa uku da kowane gini zai cika: ƙarko, amfani, da kyau. Na san cewa ginshiƙan nan iri-iri ne, akwai Dorik mai kauri da kai marar ado, akwai Ayonik mai kai nannaɗe kamar ƙahon rago, akwai Korintiyan mai ganye wanda ni na ɗauko, kuma kowanne yana da adadin da tsawonsa zai ninka kaurinsa. Ya nuna mini hoton Fatenon, tsohon wurin bauta na birnin Atina a ƙasar Girka, wanda aka gina tsakanin shekara ta 447 da ta 432 kafin miladiyya, mai ginshiƙi 8 a gaba da 17 a kowane gefe, ya kuma ja hankalina ga yadda kowane ginshiƙi ya ɗan yi ciki sannan ya tsuke zuwa sama, don kada ido ya ga kamar ya rame a tsakiya. Daga can ya gangaro zuwa Andrea Palladio na Italiya, wanda littafinsa na shekarar 1570 ya sa aka fara ɗora fuskar irin waɗancan gine-gine a kan gidajen zama a Ingila da Amurka, har abin ya iso ƙasar nan tare da Turawan mulki, kamar yadda zauren Mapo na Ibadan, wanda aka kammala a 1929, yake shaida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninsa cewa hatta masu ginin zamani, waɗanda suka yi watsi da ado suka rungumi ƙarfe da gilashi da kankare, ba su yar da wannan gado ba. Le Corbusier, wanda ake lissafawa cikin iyayen ginin zamani, ya je Atina a 1911, kuma a littafinsa na 1923 ya jera hoton Fatenon kusa da hoton motoci a matsayin abubuwan da aka tace har suka kai maƙura. Gidan nune-nunen zane da wani jigon ginin zamani, Mies van der Rohe, ya gina a Balin ta Jamus, wanda aka buɗe a 1968, rufin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe a kan ginshiƙi 8 bisa dandamali, babu ganye babu fure, amma duk wanda ya dube shi zai ga tsarin nan na dauri a tsaye. A fahimtata, abin da ya rayu daga wancan salo har ya shigo ginin yau shi ne daidaiton awo, da jerin ginshiƙai masu tazara ɗaya, da sanin inda nauyi yake sauka. Mu kuwa mun ɗauki ɓawon mun bar tsabar.

Da wannan ya shawo kaina na haƙura da Korintiyan, muka koma ga mafi sauƙin cikinsu, wanda ake kira Tuskan. An yi ginshiƙi 6 na kankare, kowanne kaurinsa santimita 45 a gindi, tsawonsa mita 3 da santimita 15, wato kaurin ya ninku sau 7, kuma dukansu suna ɗauke da dakin barandar, wato rufinta na kankare, da gaske. Zurfin barandar ya kai mita 2 da santimita 40. Da farko na yi ƙorafi cewa wannan ɓarnar fili ce da siminti, domin da an rage ta da falon ya ƙara faɗi, amma ya dage, ya kuma karkata ta ta zagaye ɓangaren yamma, inda ranar la'asar ke dukan bango. Duk wanda ya san watan Afrilu a Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, zai gane darajar abin da zan faɗa. Ranar farko da na tabbatar da aikin barandar nan, na dawo daga sallar la'asar, na dafa katangar waje da tafin hannu, na kasa barinsa a kai saboda zafi, sannan na shiga na dafa bangon falo da ke bayan ginshiƙan, na ji shi da ɗan ɗumi kawai kamar jikin randa. A daren muka kwana da fanka ɗaya ta sola. Tun daga lokacin barandar ta zama wurin karatun yara da hantsi, wurin karɓar baƙi da yamma, a nan kuma muke shimfiɗa tabarmi mu sha ruwa da azumi.

Sai dai akwai inda tsarin nasa ya yi karo da rayuwarmu, kuma ba shi ya gano ba, uwargida ce. Salon kilasik yana son a raba gini biyu daidai, hagu ya yi kama da dama, ƙofa ta zauna a tsakiya, a ja layi miƙaƙƙe daga ƙofar waje har ƙuryar gida. Haka zanen farko ya zo. Da na kai shi gida na baje a kan darduma, Hajiya ta bi layin da yatsa tun daga bakin get, ta ratsa baranda, ta ratsa falo, har yatsan ya tsaya a tsakar gida kusa da madafi, sai ta ɗago ta ce, "Alhaji, ashe duk wanda ya yi sallama zai gan ni a bakin murhu ke nan?" Gaskiyarta ce. Ginin Hausa tun asali yana karya hanyar ido da gangan, ana shiga zaure, a fita ta ƙofar da ba ta kallon ta farko, a bi farfajiya da shigifa kafin a kai cikin gida. Na yi mamakin yadda ɗan Arewa, wanda shi ma a irin wannan gida ya tashi, ya bari wannan ya kuɓuce masa, kuma ina lissafa shi cikin raunin aikin. Abin yabo dai bai yi gardama ba. Ya bar fuskar gidan a daidaitarta, ya mai da ɗakin da ke bayan ƙofar tsakiya ya zama zaure, ya buɗe hanyar shiga cikin gida ta gefen hagu, bai kuma nemi ƙarin kuɗi a kan sake zanen ba.

Wannan ya sa na koma kallon namu ginin da sabon ido. Na je Argungu na sake shiga tsohuwar fadar da ta zama gidan tarihin Kanta, na tsaya ina duban kaurin bango da yadda aka ɗaure rufi, sai na lura cewa maginanmu ma da awo suke aiki, domin azara ba ta iya tsallake tazarar da ta kai mita 2 ba tare da tallafi ba, ita ce ke yanke faɗin ɗaki, daga nan kuma bakan gizo, wato ginin baka mai tallafe rufi, da ɗaurin guga, wato haɗa irin waɗannan bakuna su ɗauki rufin ɗaki, suka samo asali. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 babbar shaida ce a kan haka. Da na sani tun farko, da na nemi mai zanen ya shigo da bakan gizo cikin zauren nan, ko da na kankare ne, domin na tabbata ba zai yi faɗa da ginshiƙan waje ba.

Babban ƙorafina yana kan duba aiki. Yarjejeniya ta ce zai riƙa zuwa kowane mako, amma da ya samu wani aiki a wajen jiha, sai ya koma zuwa sau ɗaya a mako uku, ya bar wani matashin mataimakinsa wanda birkiloli ba sa jin maganarsa. A wannan tsakani aka zuba ginshiƙi na biyar, ya kauce daga layi da santimita 4. A ginin da ba ya bin jeri, babu wanda zai lura da wannan, amma a jerin ginshiƙai shida ko yaro ya tsaya daga gefe zai ga ɗaya ya leƙo. Da ya zo ya gani, ya ce dole a fasa. An fasa, an sake sayen siminti da rodi da tsakuwa, aikin ya tsaya kwana 12, sannan aka shiga ja-in-ja a kan wanda zai biya. Daga ƙarshe muka raba asarar biyu, ni dai har yau ban gamsu da wannan rabo ba, domin kuɗin duba aiki na biya don kada irin haka ta faru. Wanda duk zai yi irin wannan gini ya sani cewa ba ya yafe kuskuren awo, kuma ƙwararrun da za su iya fitar da tsukewar ginshiƙi da hannu ba su da yawa a garin nan, saboda haka ya sa a rubuta adadin zuwan mai duba aiki da wanda zai ɗauki asarar gyara kafin a sa hannu.

Ƙorafi na biyu ya shafi yanayinmu. An zagaye saman bango da gammon ado mai fitowa, an kuma ɗora kusurwa uku a saman ƙofar tsakiya, wadda ni na nace a kanta duk da ya nuna bai so ba. A Girka wannan kusurwa bakin rufi ne mai gangara, tana da aiki, amma a gidana bango ne kawai a tsaye, kuma yanzu na yarda da shi cewa ba ta ƙara komai ba. Gammon kuwa laifinsa ne, domin an yi samansa a miƙe babu gangara, ba a kuma yanka 'yar hanyar da za ta sa ruwa ya ɗiga daga ƙarƙashinsa ba. Duk ƙurar hunturu a nan take kwanciya, tantabaru su ƙara da nasu, sannan ruwan farko ya zo da iskarsa daga gabas ya wanke ta a kan farin fenti. Washegarin ruwan farko na bara na fito na tarar da bangon gabas ya yi zane-zane jajaye tun daga sama har ƙasa, kamar an watsa masa kunun kanwa. Maginan da suka ƙirƙiro indararo don ya jefa ruwa nesa da bango sun san abin da suke yi, kuma ya kamata wanda ya karanta gini a jami'a ya haɗa wannan sani da na littafinsa. Farin fenti ma kuskure ne a garin da ƙasarsa ja ce, bai kuma gargaɗe ni a kai ba.

Ta fuskar kuɗi, abin da na biya na zane da duba aiki bai kai abin da zan kashe a kan dogayen ginshiƙan adon da ya hana ni ba, kuma kawunan Tuskan ba su da lungunan da za su tara ƙura ko su ɓare. Har yau babu tsaga ko ɗaya a jikin ginshiƙan ko a dakin. Idan ɗan'uwana ya tambaye ni, zan tura shi wurin mutumin nan don zane ba tare da shakka ba, amma zan ce ya kai iyalinsa zaman farko, ya kuma nemi wani tsayayye wanda zai kasance a wurin aikin kullum.

Na kira shi a watan jiya a kan maganar bangon gabas, ya amsa laifin gammon, ya ce zai turo mutum ya yi masa gangara ya yanka hanyar ɗigar ruwa a kan kuɗin kamfaninsu, ni kuma in ɗauki nauyin fenti. Mun tsai da shawarar bango ya koma launin ƙasa irin na makuba, a bar ginshiƙan shida kaɗai da fari. Ya yi alkawarin za a gama kafin hadari ya fara haɗuwa, na riga na sayi bokitin fenti 8 na ajiye a zaure, ina jiran zuwan ma'aikacin nasa.